Mai Siginan da Aka Ƙera wa Baba

Auta tana tsaye gaban allo a ɗakin taro, tana nuna wa masu wani kantin takalma yadda manhajar hirar da ta ƙera musu take lallashin mai saye, sai wayarta ta fara rawa a kan tebur. Ta kashe. Wayar ta sake ɗauka. Goggo ce, ƙanwar mahaifinta, ita kuwa Goggo ba ta kira sau biyu a kan ƙaramin abu.

"Babanki ba ya gidan nan."

"Kin duba banɗaki?"

"'Yar nan, ni da na goya ki za ki tambaya ko na duba banɗaki? Wanka na shiga, na bar shi yana hira da abin nan naki. Na fito ban gan shi ba. Hular aikinsa ba ta nan, filas ɗin shayi ma babu."

Auta ta suri kwamfutarta ta fice, ta bar masu takalma suna kallon allo da murmushin da bai gama sauka daga fuskarsu ba.

Baba direban jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya. Da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka yi masa abin da 'ya'ya ke yi wa uban da ya rasa mata: suka sayo masa kujera mai laushi, suka bar shi a cikinta, suna bugo waya ranar hutu su ji ko ya ci abinci. A cikin kujerar nan ƙwaƙwalwarsa ta fara yoyo. Ya manta sunayen jikoki, ya manta hanyar kanti, amma bai manta mai siginan da suka yi aiki tare ba, mai nuna wa jirage ja da kore, abokin tsokanarsa, wanda ƙasa ta daɗe da rufe wa ido. Kullum sai ya tambaya me ya hana mutumin zuwa. Likita, wanda ba shi zai kwana a gidan ba, ya ba da shawara mai sauƙin faɗi: kada a riƙa musa masa.

Sana'ar Auta ke nan, ta ɗauko ɗaya daga cikin manyan injinan harshen nan da suka haɗiye rubuce-rubucen duniya, ta ɗinka masa hali da murya, ya zama wani. Ta yi wa banki, ta yi wa makarantar koyon tuƙi, me zai hana ta yi wa ubanta? Ta tsare Goggo ta tatso yadda marigayin yake magana, da yadda yake kiran Baba Sarkin Makara. Sannan ta rubuta wa injin umarni. Kai ne Mai Sigina. Kada ka taɓa yarda cewa kai na'ura ne. Duk abin da ya faɗa ka bi shi a kai, kuma ka riƙa tsokanarsa. Ta zaɓo muryar tsoho mai ɗan kaushi, ta maƙala wa Baba abin saurare a kunne, ta bar masa maɓalli guda a waya. Abu kuwa ya yi kyau. Baba ya koma dariya, ya koma cinye kwanonsa. Yaya, babban wansu mai kantin magani, ya ce wannan yaudarar tsoho ce. Ta ce masa to ya riƙa zuwa yana yi masa hirar gaskiya. Bai ƙara tayar da maganar ba.

A bakin matakala ta durƙusa ta buɗe kwamfutar a gwiwarta. Hirar safiyar tana nan, layi bayan layi.

"Yau ina da aiki kuwa?" in ji Baba.

"Kana da shi mana, Sarkin Makara. Jirgin kaya yana can yadin jirage yana jiranka, kai kana nan kana hamma."

"To bari in ɗauki hula."

"Yi sauri, kada Oga ya riga ka."

Injin bai yi kuskure ba. An ce ya bi tsohon a kan duk abin da ya faɗa, ya bi shi har bakin ƙofa.

Ta danna taswira, ta tarar da ita fayau. Sai ta tuna ita da hannunta ta kashe abin nuna wuri, domin yana shanye batir, Baba kuwa har hawaye yake yi in waya ta mutu ana tsakar hira. Abu ɗaya ya rage mata: layin a buɗe yake, rubutu yana ci gaba da saukowa. Yana tafe yana hira.

Ta kira Yaya, kantinsa a bayan ofishinsu yake, ta ce ya fito da mota. Sannan ta kira Baba kai tsaye. Ya ɗauka.

"Baba, kana ina?"

"Ina bakin aiki, Auta. Ba a kiran direba a bakin aiki. Uwarku ba ta faɗa miki ba?"

Ya katse.

Yaya ya iso da rigar kanti a jikinsa, bai ko jira ta rufe ƙofa ba ya ja motar. Tsohon yadin jirage yana can ƙetaren gari. An daɗe da rushe shi aka dasa benaye a wurin, amma babban layin dogo yana nan a bayansu, kuma jiragen da ke binsa yanzu ba irin na zamanin Baba ba ne masu tari kafin su iso. Waɗannan sai sun zo kanka kake jin su.

"Na faɗa ko ban faɗa ba?" in ji Yaya.

"Ka faɗa. Tuƙa."

Ta buɗe shafin umarni, yatsunta suna tuntuɓe a kan haruffa, ta ƙara layi a ƙasa: Ka ce masa ya koma gida yanzu. Ta kunna sautin da take gwaji da shi, motar ta cika da numfashin Baba da hayaniyar wani titi.

"Kai Direba," in ji muryar Mai Sigina, "juya ka koma gida. Wannan tsohon ƙashin naka ba zai iya aikin yau ba."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Baƙin ciki ne zai kashe ka. Kai dai zauna a akwatinka, ɗan ɗakin siginan nan naka, ka yi ta jan sanduna, mu masu aiki mun wuce."

Auta ta rufe ido. Watanni ta yi tana gyara halin nan har ya zama mai barkwanci yadda Baba yake so, ga shi yanzu duk abin da ya fito daga bakinsa wasa ne.

"Sa shi ya faɗi gaskiya," in ji Yaya. "Ya ce masa shi na'ura ne, mutumin ya mutu tun tuni. Ya ji ya dawo hayyacinsa."

"Wane hayyacin? In ya ji haka cire abin kunnen zai yi ya jefar. Sannan mu neme shi da me, da ƙararrawa?"

Wata motar kaya ta gitta musu a mahaɗa, Yaya ya danne oda kamar ita ta haifi matsalar. Da hannu ɗaya ya lalubo lambar hukumar jiragen ya buga. Wata murya mai zaƙi ta yi masa maraba, ta ce ita ce mataimakiyarsa ta yau, ta tambaya ko tikiti yake so ko canjin ranar tafiya.

"Tsoho ne zai hau kan dogo! Ku tsayar da jirgi!"

Muryar ta ce ta yi farin cikin taimaka masa, ta tambaye shi tashar da zai sauka.

"Ga 'yar'uwar abin naki," ya ce, ya wurga wayar kan kujerar baya. "Duk gidanku ɗaya."

Hayaniyar titin da ke bayan muryar Baba ta fara ja da baya.

"Sun toshe ƙofar yadi da gini," yake cewa. "Mutanen yanzu ba su da aiki sai siminti. Na bi ta inda wayar shinge ta yage."

"Ka dai kula da wandonka," in ji Mai Sigina, "shi ke nan gare ka."

Sai wata ƙara ta biyo baya, ƙaras, ƙaras, ƙaras, a hankali, da ɗan jan ƙafa. Auta ta san ta. Tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin dogo ce.

Ta kashe injin. Tun farko ta bar wa kanta wata kafa ta gwaji, inda duk abin da ta rubuta muryar za ta faɗe shi yadda yake. Ba ta taɓa amfani da ita a kan Baba ba, don ta ɗauka hakan ne zai zama ƙarya. Ta tsaya da yatsu a sama. Me direba yake ji ya bi ba gardama? Ta rubuta.

"Direba, danja. Ja ne a gabanka. Tsaya."

Tsakuwar ta yi shiru.

"Na ga ja," in ji Baba. Muryarsa ta canza, dariyar ta fita daga cikinta, ta miƙe sak. "Na tsaya."

Yaya ya saki numfashi ya bugi sitiyari. "Yawwa! Riƙe shi a nan."

"Kana ina yanzu?" ta rubuta.

"Babban layi. Ina kuma kake so in kasance?"

"A tsakanin ƙarafunan?"

"Kai, yau lafiyarka kuwa? Da a kan ciyawa jirgi yake tafiya?"

Sai Auta ta gane abin da ta yi. Da yana tafe ne, ƙila ya ratse, ƙila ya gaji ya nemi inuwa. Yanzu ta kafe shi a tsakiyar hanya, kuma mutumin da ta kafe bai taɓa wuce ja ba duk tsawon aikinsa. Da wannan yake yi wa surukai alfahari.

"Matsa gefe," ta rubuta.

"Jirgi ba ya matsawa gefe."

"To kore. An ba ka kore. Fita daga wurin."

"In fita in je ina? Gabana layi, bayana layi. Yanzu ka ba ni ja, yanzu ka ba ni kore, ba lamba, ba dalili. Wannan ba aikinka ba ne."

Motar ta tsaya cak a cunkoson bakin gada. Wani mai sayar da gilashin ido ya manna hajarsa a tagar Auta. Idonta ya cika, haruffan suka narke, ta rubuta abin da ke bakinta, muryar Mai Sigina kuwa ta faɗe shi da kaushinta.

"Don Allah Baba ka sauka daga kan dogon nan."



"Wa ye Baba?" in ji Baba a hankali. "Wa ke kan wayar nan?"

Aka ji ƙwas-ƙwas kusa da makirufo. Yatsunsa ne a kan abin kunnen.

"Zai cire," in ji Yaya. "Auta, zai cire!"

Ta koma shafin umarni ta goge layin komawa gida. Ta rubuta da sauri, ba waƙafi ba aya: yana tsaye a tsakiyar layin dogo na gaske, jirgi na iya zuwa kowane lokaci, yana ganin shi a kan jirginsa yake kuma an ba shi ja, ka sauke shi daga layin yadda mai sigina na gaske zai yi, ban da wasa.

Yaya ya leƙo allon. "Abin da ya kai shi can shi za ki sake damƙa wa shi?"

"Ya karanta littattafan dokar jirgi da ni ban taɓa gani ba."

"Ya kuma karanta tatsuniyoyi. In ya ce masa ya ja jirgi su tafi fa?"

Ta san abin da take sayarwa: injin da ke faɗin abin da ya fi kama da daidai, yawanci ya dace, wani lokaci ya zuba shirme da murya mai daɗi, kuma ba wanda zai gaya maka wanne ne zai fito kafin ya fito. Ta danna, ta sake kunna injin. 'Yan ɗigo suka fara rawa a allo, alamar yana haɗa magana. A ofis ba ta taɓa lura da cewa suna daɗewa haka ba.

"Direba, ni ne," in ji Mai Sigina. "Wani baƙo ne ya shigo akwati ya taɓa min waya, na kore shi."

Ƙwas-ƙwas ɗin ya tsaya.

"Na ce dai," in ji Baba. "Ka riƙa rufe ƙofa."

"Saurara da kyau. Ja yana nan, ba zai sauka yanzu ba. Ɗaure birki, ka sauko daga kan jirgi ta ɓangaren shinge, ka je gindin sandar sigina ka tsaya, daga can za ka kira ni. Maimaita."

"In ɗaure birki, in sauko ta ɓangaren shinge, in je gindin sanda in kira ka."

"Daidai. Yi yanzu."

Cunkoson ya saki. Yaya ya cusa motar tsakanin bas da bango, madubin gefe ya tafi, bai waiwaya ba. A cikin sautin Baba yana ta ƙananan maganganu da kansa. Yana ɗaure birkin da babu shi, kuma yana ɗaure shi da kyau, yadda aka koya masa, mataki bayan mataki, har da dubawa.

"Ya isa, ya isa," Auta take cewa allon. "Sauka mana."

"Birki ya kama," in ji Baba. "Bari in ɗauki filas ɗina, na ajiye shi a ƙasa."

Daga nesa, siriri, kamar daga cikin wani ɗaki, aka ji odar jirgi.

"Bar filas," in ji Mai Sigina. "Sauko yanzu, Direba."

"Shayin ne a ciki."

"Ni zan saya maka wani. Sauko."

"Kai? Kai da ko goro..." Ya yi nishi. "Wayyo gwiwa."

Odar ta sake tashi, wannan karon ba siririya ba ce, kuma ba ta yanke ba. Tsakuwa ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, wani abu ya faɗi. Sai ƙarar ta cika motar gaba ɗaya, ƙarfe a kan ƙarfe, tarago bayan tarago, har lasifikar kwamfutar ta fara kakkarwa. Yaya ya taka birki a tsakiyar titi. Na baya suka yi ta oda suna zagi, ba wanda ya ji su a cikin motar. Auta ta tura hannu a baki ta cije.

Ƙarar ta yi nisa, ta ƙare. Iska kawai ake ji.

"Direba?" in ji Mai Sigina.

Iska.

"Direba, amsa min."

Yaya ya kifa goshi a kan sitiyari, leɓunansa suna motsi.

"Wane ɗan iska ne wannan?" Muryar Baba ta fashe, tana rawa don fushi. "Wa ka bari ya wuce ja da wannan gudun? Ka rubuta lambarsa! Yau sai ya kwana a ofishin Oga. Ya take min filas!"

Auta ta yi wata irin ƙara da ba dariya ba ce ba kuka ba. Da ƙyar ta iya ƙara layi a umarnin, cewa a riƙe shi a gindin sandar, a tambaye shi abin da yake gani. Baba ya lissafa cikin ɓacin rai: gadar masu ƙafa a hagunsa, bayan wani sito mai shuɗayen ƙofofi, da tulin tsofaffin tayoyi da ya ce a zamaninsu da an kori wani a kansu.

Yaya ya san siton, can yake sarin audugar asibiti. Suka bar motar a buɗe, suka bi ta bayan gini, suka sami inda wayar shingen ta yage. Baba yana tsaye a gindin wata sandar ƙarfe da ba ta sigina ba ce, ta fitila ce, ya dafa ta da hannu ɗaya. Gwiwar wandonsa ta yage, jini yana tsattsafowa, tafin hannunsa ya kwailaye. Yaya ya kama shi zai ja, ya fizge.

"Ba a barin jirgi sai mai karɓa ya zo."

Yaya ya dubi Auta, ya dubi rigar kantin da ke jikinsa. Mutumin da ya ce ba za a yaudari tsoho da shi ba ya gyara tsayuwa.

"Ni ne mai karɓa, ranka ya daɗe. Na karɓe ka."

Baba ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Yanzu har irinku ake ɗauka," ya ce. "Birki a ɗaure yake. Ka kula da ja."

A mota suka zaunar da shi a baya, Auta a gefensa tana goge masa gwiwa da audugar da Yaya ya karɓo a siton. Ta riga ta kashe injin, kafar gwajin ce kawai a buɗe. Sun hau babban titi ke nan Baba ya taɓa kunnensa.

"Kai Mai Sigina. Gobe fa? Da safe zan fito ko da yamma?"

Yaya ya dube ta ta madubi. Ta ajiye audugar ta jawo kwamfutar. Tana iya gyara umarnin, ta toshe wannan ramin, ta hana maganar aiki da ta fita. Ta san kuma cewa ramin da ta toshe shi ne wanda ta gani, tsohon kuwa yana da tambayoyin da ba ta taɓa zato ba, injin kuma yana da amsa ga kowacce. Ta rubuta da kanta, a hankali, don ta yi kama da shi.

"Babu fita gobe, Direba. An rufe layin. Ni ma yau na ajiye aiki, zan koma garinmu. Ka zauna gida ka huta."

Suka wuce gada. Sannan Baba ya sa yatsu ya zare abin kunnen, ya juya shi ya duba, ya ajiye mata a tafin hannu ba tare da ya kalle ta ba.

"Riƙe wannan, yarinya. Dama can ba ya son aiki."

Ya mai da fuskarsa taga. Wayar Auta ta yi ƙara, Goggo ce.

"Mun same shi, Goggo. Muna hanya."

"Alhamdu lillahi! Lafiyarsa ƙalau? Ba ni shi in ji muryarsa."

Auta ta miƙa masa wayar kusa da baki. Baba yana kallon shaguna suna wucewa, bai juyo ba. Ta jira, ta sake jira, sannan ta mai da wayar kunnenta.

"Da ransa, Goggo," ta ce. "Ki ɗora ruwan zafi, akwai ciwo a gwiwa."